Mijina ya karɓi fayil ɗina na asibiti, ni mai ciwon an hana ni gani

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana, don Hausawan garin nan kowa ya san kowa. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya tsaya mini a rai.

Ni 'yar Kano ce, shekarata huɗu a Guangzhou, ƙasar Sin, da mijina da 'yarmu mai shekara biyar. Sana'arsa sayo wa 'yan kasuwa kaya a kasuwar Guangyuan ya loda musu a kwantena, Sinanci kuwa kamar a nan aka haife shi. Ni ban wuce gaisuwa da godiya ba.

Bara na haifi ɗa namiji babu rai, cikin wata takwas. Ranar da naƙuda ta taso na kira shi ya fi sau goma, yana tashar jiragen ruwa ta Huangpu wajen lodi, ya ce in daure ga shi nan. Maƙwabciyata Hajiya, 'yar zangon Kumasi, ita ta kai ni asibiti. Bayan nan na daina cin abinci, in na zauna sai kuka, ko wanka sai an ce in yi. Shi da kansa ya kai ni wurin likitar ƙwaƙwalwa, irin wadda ake zama a yi magana da ita, kuma a lokacin na gode masa. Matar ba ta jin Turanci sosai, nawa Turancin ma na sakandare ne, sai ya zama shi ne tafinta.

Wata biyar muna zuwa duk Laraba. Ban ɓoye komai ba, har na ce ina jin haushinsa tun ranar haihuwar nan, yana zaune yana ji. Abin da na lura, sai in yi dogon bayani ina kuka, shi kuma ya faɗi kalma uku ko huɗu ya yi shiru, likitar ta gyaɗa kai ta rubuta. Na taɓa tambayarsa, ya ce haka yarensu yake, ba shi da tsawo. Na yarda.

Watan jiya Mama ta kira ni daga Kano ta ce, "Ashe abin har ya kai haka ba ki faɗa mini ba? Mijinki ya ce likita ta rubuta kina jin kamar za ki cutar da yarinyar." Wallahi tallahi ban taɓa faɗin haka ba. Abin da na ce, ina tsoron kada wani abu ya same ta, ko makaranta ta tafi hankalina ba ya kwanciya. Ashe har mijina ya gama magana da mahaifiyarsa, idan an yi hutun makaranta za a kai mata yarinyar ta riƙe, wai sai na warke.

Da na tare shi ya ce ba shi ya ƙirƙira ba, a fayil yake, yana da kwafi. Na ce ya nuna mini, ya ce me zan gane a rubutun Sinanci. Na ce waya tana fassarawa, ya ce kwafin yana ofis. Washegari kuma ya ce likita ta hana.

Na roƙi Hajiya ta raka ni asibitin, ita tana jin yaren daidai gwargwado. Likitar ta ce gaskiya ne doka ta ba mara lafiya damar ganin fayil ɗinsa har ya yi kwafi, amma in likita ta ga karantawar za ta dagula magani tana iya hanawa. Shi kuma an ba shi ne saboda ya sa hannu a matsayin mai kula da ni. Na ce to ta karanta mini layin nan guda ɗaya kawai. Ta kalle ni da tausayi ta ce in dawo tare da mijina.

Jama'a, cikina ne ya ɗauki ɗan, bakina ne ya yi maganar, amma kowa ya san abin da aka rubuta a kaina ban da ni. Ko dai ya juya maganata a gaban likita wata biyar ina kallonsa, ko kuma babu zancen a fayil ɗin, ya yi wa mahaifiyata ƙarya. Ban san wanne zan so ya zama gaskiya ba.

Hajiya ta ce ta san wata lauya da za ta rubuta wa asibitin takarda, ta nemi wani likita ya duba ni da tafinta na daban. Amma bizata a ƙarƙashin tasa take, kuma ya ce duk ranar da na kai sirrin gidansa waje, to na zaɓa wa kaina. Mama kuwa ta ce in yi haƙuri, kada a ce ciwon ne ya motsa. Yanzu ko murya na ɗaga sai ya kalle ni ya ce, "Kin gani ko?"

Saura wata biyu a yi hutu. Masu ilimin doka da likitocin cikinku, akwai hanyar da zan karɓi fayil ɗin ba da saninsa ba? In bi lauyar ko da auren zai girgiza, ko in yi shiru in haɗa wa 'yata kayanta da hannuna?