Na Manta da Hajo

Ɗana Bello,

Bayan gaisuwa, ina gajiya? Ya iyali da sanyin Jos? Mu nan Bagudo lafiya lau.

Ni na hana ku kafa gidauniyar zuri'armu, na ce duk mabuƙaci yana cikin kaina. To, bana na raba zakkar shinkafa na manta da Hajo, matar marigayi aminina, can tsallaken kogi a ƙasar Benin. Ta biyo kwalekwale har gida, ta tarar rabo ya ƙare. Ta gaishe ni, ta naɗe buhunta ta koma. Ko ƙorafi ba ta yi ba, shi ya fi ci mini rai.

Ka zo mu kafa abin nan tun kaina bai gama zuba ba. Amma ba za a ɗauki hoton kowa ba wurin karɓar taimako, wannan ban janye ba.

A sa ni addu'a. Gai da Rabi.

Babanka,
Garba