Tabon Salansa a Hannun Bitrus

Daga ofishin Babban Bishop mai kula da Gummi da Anka da Bukkuyum, har da Zugu idan hanya ta yi kyau.

Zuwa ga ɗanmu Bitrus bakanike, mai rumfar gyaran babur a hanyar kasuwar Gummi, wanda yanzu yake zaune a ɗakin mahaifiyarsa can ƙasar Zuru.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Muna fata kana lafiya, kai da mahaifiyarka Mama Rifkatu da ƙannenka. Mun san ba ka ɗaga waya, mun kuma san akwai wanda in ka ga sunansa a kan saƙo ba ka buɗewa. Shi ya sa muka rubuta wannan a fili inda kowa zai gani, ko wani cikin 'yan cocinku, wato cocinmu, zai kai maka ya karanta maka.

An kawo mana rahoto a kanka. Wanda ya kawo shi wani yaro ne Musulmi mai suna Lawali, maƙwabcinka, abokin nomanka a fadama. Mun bincika mun tarar shaƙiyyi ne na ƙarshe, karatunsa bai wuce na allo ba, amma kyakkyawa ne ƙwarai, kuma dattawa na yaba hankalinsa.

Rahoton ya ce tun da Allah ya kuɓutar da kai daga hannun mutanen daji ba ka taka coci ba. Ka naɗe hannunka na dama da tsumma, ba ka gaisawa da shi, ba ka cin abinci da shi. Mama Rifkatu ta kira Inna, wato innar shi Lawalin, tana kuka. Ta ce ka gaya mata an sa maka lambar Magabcin Kristi, kai taka ta ƙare, ta daina wahalar da kanta da yi maka addu'a.

A kan wannan magana za mu yanke hukunci. Amma da yake tsufa ya kama mu, kuma "ya ce, ya ce" na gajiyar da Bishop, za mu faɗi sauran da bakin yaron, kamar mu ne shi.

Bitrus, ka tuna ranakun da babu aiki a rumfarka? Kana zaune bisa tsohuwar taya kana wanke fulogi da fetur, ni ina bisa benci ina cinye maka gyaɗa. A nan ka fara ba ni labarin ƙarshen duniya yadda yake a wajenku. Ka ce wani zai zo da baki mai daɗi, duniya duk ta bi shi tana mamaki. Zai saukar da wuta daga sama mutane na kallo. Zai zauna inda bai kamata kowa ya zauna ba, ya ce shi za a bauta wa. Ka ce akwai wata dabba da za ta fito daga teku, kawuna bakwai, ƙahoni goma. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi gulbin Gummi ba, na kwana biyu ina kallon gulbin da wani ido.

Na ce maka ai wannan Dujal ne, mu ma mun san shi. Namu ido ɗaya gare shi, an rubuta abin da yake a goshinsa, zai ce wa sama ta yi ruwa ta yi, ya ce wa ƙasa ta tsiro ta tsiro. Ka ce naku shi ke sa wa mutane lamba, a hannun dama ko a goshi, wanda bai karɓa ba babu saye babu sayarwa. Muka yi ta musun na wa ya fi muni, kamar masu gardamar raguna ranar kasuwa.

Sai na tambaye ka wa zai kashe shi. Ka aje fulogin ka ce Almasihu ne, zai sauko cikin gajimare, za a busa ƙaho, rana ta dushe, taurari su zubo, kuma da numfashin bakinsa kaɗai zai gama da shi. Na ce Annabi Isa ke nan, alaihis salam, mu ma shi muke jira, in Dujal ya hango shi narkewa zai yi kamar gishiri a ruwa. Babura na wucewa, mai rake na kiran ciniki, mu biyu muna zaune cikin baƙin mai, ashe mutum ɗaya muke sauraren saukowarsa. Sai Inna ta leƙo ta katanga ta ce, "Ku biyun ga, ko mi za a busa, ku taho ku ci tuwo tukuna."

Abin da ya fi zama mini a rai shi ne maganar gona. Ka ce ranar nan mutum biyu za su kasance a gona ɗaya, a ɗauki ɗaya a bar ɗaya. Ka faɗe ta muna tsaye cikin shinkafarmu, daga ni sai kai. Na ce to wa za a ɗauka? Ka yi murmushi irin na wanda ya san amsa amma yana jin kunyar Inna.

Murmushin nan ne ya ja maka. Da ka gangara gulbi ɗebo ruwa, na tuɓe takalmana na jera su bisa kunyar gona, na shimfiɗa rigata a kai, na ɗora hula, na aje lauje a gefe kamar daga hannu ya faɗi. Na haye tsamiyar bakin gona na laɓe.

Ka dawo da jarka. Ka kira ni sau ɗaya. Ka ga kayan. Jarkar ta suɓuce, ruwa na kwarara ba ka ko duba ba. Sai ka ɗaga kai sama a hankali.

Na hau tsamiyar nan don in yi dariya, amma da na ga fuskarka dariyar ta maƙale. Ban taɓa ganin mutum ya dubi sama haka ba, kamar mai jiran a buɗe ƙofa. Har ni ma na ɗaga kai ta tsakanin ganye. Ƙarshen damina ne, gajimare ya taru fari fat bisa gulbi, tsibi kan tsibi, rana na fitowa ta bayansa. Wallahi na ɗan saurara ko zan ji ƙaho. Ni da na shirya abin da hannuna.

Atishawa ce ta tona ni. Ka bi ni da gudu har cikin taɓo, ka zauna a bayana kana cewa sai ka rama. Da muka huce na ce ka ga dai wanda aka ɗauka. Ka ce, "Wawa, ni ba barin da aka yi mini ya fara zo mini a rai ba. Cewa na yi, yanzu wa zai je ya gaya wa Inna?"

Shekara ta zagayo. Ran nan ka riga ni zuwa gona, ni na tsaya karɓo mana fura. Na iso na tarar da takalmanka bisa kunya, hularka a ƙasa, lauje a gefe. Na yi dariya har na riƙe ciki. Na tsokane ka na ce Fasto, ashe ba ka mantuwa, amma ka yi kasala, ina rigar? Na je gindin tsamiya na ce sauko na gan ka. Na zauna na sha furata, na ce in ba ka sauko ba zan shanye taka. Na shanye.

Sai da na zagaya bayan gona na ga sawun tayoyi cikin taɓo, ba na babur ɗaya ba, ba na biyu ba, sun nufi daji.

Ka san abin da na yi? Sama na duba. Ni Musulmi ɗan Musulmi, na tsaya cikin shinkafa ina roƙon Allah ya sa maganarku ce ta tabbata yau, an ɗauke ka an bar ni, don wannan ya fi mini sauƙi a kan sawun nan. Babu ko gajimare ɗaya. Na kwashi takalman na koma gari, kuma ni ne na je na gaya wa Mama Rifkatu.

Yadda aka yi aka karɓo ka ba maganar wasiƙa ba ce. Ka dawo ka rame, ba ka ko shiga rumfarka ba Mama Rifkatu ta kwashe ku zuwa Zuru. A bakinta muka ji sauran. Mutanen dajin sun gane kai bakanike ne, suka sa ka gyaran baburansu da bindiga a ƙeya. Wata rana wani ya dawo da nasa da zafi, babur ɗin ya faɗo maka, bayan hannunka ya manne da salansa. Kai kuma ka zauna ka haɗa: ka yi musu aiki, ka ci abincinsu, baburan da ka tayar su suka shiga ƙauyuka, ga kuma tabo a hannun dama.

Ban ce abin ba nauyi ba. Na je Zugu, na ga gidajen da babu kowa. Na san abin da kake gani in ka rufe ido. Amma yanzu Bishop zai yi magana, kuma da karatun da kai ka koyar zai yi ta.

Na farko, wanda ka ba ni labari duniya duk za ta bi shi tana mamaki, wuta zai saukar daga sama. Waɗannan ko fulogi ba su iya wankewa ba, sai da suka sato mutum daga gona. Mugaye ne, Allah ya isar mana, amma kada ka ba su girman da ba su kai ba.

Na biyu, ka ce mutum karɓar lambar yake yi, ya miƙa hannu, ya rusuna, don a bar shi ya saya ya sayar. Kai yaushe ka miƙa? Kuma tun da ka sami taka, rumfarka a rufe take, ko faci ba ka yi wa kowa ba. Wace irin lamba ce wagga da ke hana ciniki? In ita ce, to an cuce ka, jabu aka ba ka.

Na uku, in tabon salansa ne lambar, Gummi duk ta halaka. Ina da shi a ƙwauri. 'Yan kabu-kabu kowa na da biyu. Ladaninmu na da shi. Inna na da shi a idon sawu tun ranar da na kai ta suna Anka, kuma har yau in ta tuna sai ta zage ni. Ka zo ka dubi idon Inna ka ce mata ita ta Dujal ce, ni zan tsaya nesa in yi kallo.

Na tambayi malaminmu na allo game da wanda aka tilasta. Ya ce Allah zuciya yake dubawa, ba abin da hannu ya yi da wuƙa a wuya ba. Ban san yadda naku zai faɗa ba, amma ka tashi ka je ka tambaye shi. Ka kwance tsumman a gabansa. Mutumin da ya ɗauka duniya ta tashi, abin da ya fara tunawa shi ne tsohuwar maƙwabciyarsa, ban yarda an buga masa hatimin kowa ba.

Har yanzu in na je fadama da yamma gajimare ya taru bisa gulbi, nakan tsaya. Nakan tuna ranar tana nan tafe da gaske, ba wasan tsamiya ba. Duwatsu za su tashi, gulbin ga zai zama ba kome ba, wanda ya ruɗi duniya zai narke, masu baburan nan za su tsaya babu bindiga a hannun kowa. Ni da kai ba mu daidaita a kan ko wane ne mai saukowar ba, kai ka ce abin da ka ce, ni na ce Annabi ne, kuma ranar za a raba mana gardama. Amma kafin nan ina son abokin gardamata. Na gwada da wasu, ba su iya ba, da an fara sai su yi fushi.

Shinkafa ta nuna. Rabinka na tsaye, ban sa masa lauje ba, tsuntsaye sun fara yi maka aiki. Inna ta wanke takalmanka ta aje ƙarƙashin gadonta, ta ce ba ta ba kowa sai mai su.

Allah ya warkar da hannunka da abin da ke bayan hannun. Allah ya sanyaya zuciyar Mama Rifkatu. Allah ya maido da waɗanda ke daji har yanzu, ya tsare mu daga fitinar wancan babban maƙaryaci, da sunan da kuke kiransa da sunan da muke kiransa. Allah ya sa in an busa ƙahon nan ya same mu cikin aikin kirki. Amin.

Saura magana ɗaya. Babu wani Bishop, Bitrus. Babu ofis, bisa tsohuwar tayarka nake zaune, da wayar da gilashinta ya tsage. Na san ka gane tun inda aka ce kyakkyawa. Na ari babbar riga ne don na ga tawa ba ta isa ta sa ka saurara ba, kuma shugabanninku su yafe mini.

Ka ce sai ka rama. Waccan ba ramuwa ba ce, ban karɓe ta ba. Ka zo ka yi ta yadda ya kamata. Ka jera takalman bisa kunya, kada ka manta da rigar, ka hau tsamiya. Na yi alkawari zan saki jarka, zan dubi sama yadda ka duba. Amma in na sauke kai na dubi tsamiyar, ina so in same ka a ciki.

Naka,
Lawali na Inna, wanda aka bari a gona.