Baba na jiran akwati ya yi ɗumi

Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Anti da yara. Mu ma muna nan da sauƙi. Inna ta daina kukan gwiwa, mijina ya koma aiki. Baba ne dai. Na rubuto ne tunda wayarka ta zama ado, kira ba ɗauka, saƙo ba amsa.

Ka san tun da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, mai gashin ƙashi ta ce in bai riƙa motsa yatsun nan kullum ba, za su sandare, kuma in suka sandare shi ke nan. An ba shi ƙwallon roba ya matsa, ya wurga ta bayan gado ya ce shi ba jariri ba ne. Jitarsa kaɗai yake yarda ya taɓa. Da ita muka fara ganin haske, har yana danna tsirkiya biyu yana dariya da gefen baki. Sai ga amfilifayarsa, akwatin nan mai fitar da sautin jitar, ta yi wani ƙara, ta yi ƙauri, ta mutu.

Ni da ban san komai ba, na aro wata wurin maƙwabcinmu mai kiɗan biki. Baƙin akwati dai, maɓallai a gaba, na ce ai duk ɗaya ne. Ashe ba ɗaya ba ne, Yaya! Ta aron da hannu ɗaya na ɗauko ta, ta Baba kuwa sai da muka kama da mijina muna nishi. Mai gyaran rediyo ya juya min bayansu ya nuna min. A cikin ta Baba akwai kwalaben gilashi a tsaye kamar ƙwan fitila, su ne ke yin ja su ɗauki zafi kafin sauti ya fito. Ta aron ta zamani ce, babu kwalba ko ɗaya, kana kunnawa take magana, kuma samanta ba ya zafi. Mai gyaran ya ce kwalabe biyu ne suka ƙone a ta Baba, ya zaga kasuwa duk bai samu irinsu ba.

To ka tuna yadda Baba yake ɗora tafinsa a kan akwatin, ba ya taɓa jita sai ya ji ɗumi? Haka yake yi wa ta aron. Ya kunna, ya ɗora hannu, ya zauna yana jira. Na ce masa wannan ba ta ɗumi, ya ce in bar shi, ya fi ni sanin kayansa. Haka zai zauna har abinci ya huce. Rannan don tsabar rasa dabara na ɗora dutsen guga a kanta kafin ya shigo ɗakin. Ya ji ɗumi, ya kaɗa sau ɗaya, ya dube ni ya ce wannan sautin ba shi da nama, kuma in daina mai da shi yaro. Wallahi a kicin na yi kukana.

Don girman Allah, Yaya, ka nemo kwalaben nan. Hoton lambar jikinsu na cikin wayarka. Ka naɗe su da auduga kamar ƙwai, ka ba duk mai tahowa. Kada ka ce sai ƙarshen wata. Ƙaramin yatsansa ya fara lanƙwashewa, da kyar nake miƙe shi, ina tsoro ƙwarai.

Ka gaida Anti, ka gaida Babban Mutum da 'yar autarku mai surutu. Inna da Gwaggo suna gaishe ku. Baba bai ba ni saƙo ba. Jiya ya ce in ɗora jitar a saman kwaba inda ba zai riƙa ganinta ba. Na ce hannuna da sabulu. Yau ban san me zan ce masa ba.

Ƙanwarka,
Uwar Rigima