Kuncin Baba

Litinin, 3 ga Yuli, 2006
Na ba da sunana a ajin koyon gyaran hoto da kwamfuta, can Bompai, kowace Asabar. Sule abokin aikina ne ya tasa ni gaba, wai masana'antu sai rufewa suke. Ni da hannun da ya saba juya ɗanyar fata a masana'antar jima ta Challawa, ina ni ina kwamfuta?

Asabar, 8 ga Yuli
Na yi wanka har da soso, duk da haka wadda ke kusa da ni ta ja kujerarta. Warin jima ba ya jin sabulu. Maus ɗin nan na juya kibiyar kwamfuta kuwa, in tura shi gabas ya yi yamma. Malam Hanif mai koyar da mu ya ce mako mai zuwa kowa ya zo da tsohon hoto a gyara.

Mu namu ɗaya ne tak. Na Baba, a bangon ɗakin Inna, danshin damina ya cinye gefensa. Ina goye ya rasu, ban san fuskarsa ba sai a nan.

Juma'a, 14 ga Yuli
Da ƙyar ta ba ni. "Shu'aibu, idonka a kansa." Na ce ku kwantar da hankalinku, Inna.

Asabar, 15 ga Yuli
Innalillahi. Ashe hoton ya manne da gilashin firam ɗinsa. Ina ja, kuncin Baba na dama ya ɗaye, ya zauna jikin gilas. A gaban mutane na fara hawaye, ƙato da ni. Malam Hanif ya sa abin da ya rage a kwamfuta, ya ce zai gyaru, amma da hannuna.

Na ce wa Inna ba a gama ba.

Laraba, 19 ga Yuli
Ƙusar hoton da yanzu babu komai a kanta nake ta kallo.

Asabar, 29 ga Yuli
Na iya! Ana ɗebo fata daga goshi a liƙa inda ya yage. Na cike kuncin dama, na bi na hagu na goge wasu layuka da suka ɓata shi. Fuska ta fito sumul. Har mai jan kujera ta leƙo ta ce kai, kamar jiya aka ɗauka.

Lahadi, 30 ga Yuli
Na miƙa wa Inna sabon da aka buga bayan la'asar, ina ta washe baki. Ta daɗe tana kallo, ta kai shi bakin ƙofa wajen haske. "Wannan ɗan wa ye?"

Na ce Baba ne mana. Ta ce a'a. Ina zanensa? Ashe layukan nan da na ɗauka karcewar hoto ce, tsagar gidansu ce, ta wanzami. Ni da hannuna na share ta, ina murna. Dole na faɗa mata abin da ya sami na asalin. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta dai kife hoton a kan gado.

Ba zan koma ba. Fata na sani.

Alhamis, 3 ga Agusta
Ina shirin fita aiki ta ce in durƙusa. Ta kama haɓata, ta sa farce ta ja layi uku daga gefen bakina zuwa kunne, ta koma ɗaya ɓangaren. "Nan suke. Na tsakiyan ya fi tsawo. In ya yi dariya sai su lanƙwashe." Sai ta tsaya da hannun a fuskata, ta ce ashe kuncinsa ne da ni. Ba ta taɓa faɗa mini ba.

Asabar, 5 ga Agusta
Na koma, don hoton kawai. Zanen kuncin dama bai fito daidai ba tukuna, na tsakiyan ya gajarce. Malam Hanif ya tambayi masu ci gaba zuwa aji na biyu, na ga hannuna a sama. Ya kuma tambaye ni me nake ta shafawa a kunci in ina aiki. Na ce ba komai, awo nake.