Garwashi da Benci na Uku

Lahadi, 2 ga Yuni

Ayar wannan mako daga Romawa sura goma sha biyu ce, wajen ƙarshe. A ciyar da maƙiyi in yana jin yunwa, a shayar da shi, ta haka ake tula masa garwashi a ka. Fasto ya ce garwashin kunya ake nufi, mai kai mutum ga tuba, ba na ƙuna ba. Na rubuta. Amma ni ƙunar na fara hangowa, Allah ya gafarta mini.

Tsarina bai canja ba. Aya ɗaya kowane mako, in aikata ta, ran Asabar in duba kaina.

Matsalar wannan ayar, sai da maƙiyi. Na duba ban samu kowa ba sai mai waldan da shagonsa ke manne da shagona na kafinta. A da Tartsatsi nake ce masa, shi kuma ya ce mini Ƙusa saboda ramata. Shi ya tsaya mini ranar aurena. Amma tun da ya miƙe a taron zumuntar maza ya ce bencinan da na yi wa coci suna rawa, gara a koma na ƙarfe, aka kwashe da dariya, muka koma "ina kwana, ɗan'uwa", "lafiya, ɗan'uwa". Shekara ta kusa.

Bencinan ba sa rawa.

Gobe zan share masa ƙofar shago kafin ya iso.

Litinin, 3 ga Yuni

Ya riga ni. Na iso da tsintsiya, na tarar da ƙofata fes, an kwashe dusar katako, har an yayyafa ruwa. Yana tsugune a nasa yana kankare ƙarfe kamar bai san komai ba.

Wato shi ma ya ji wa'azin. Wato da ya waiwaya neman maƙiyi, ni ya gani. Ni! Shi ya kunyata ni a gaban mutane, amma ni ne maƙiyin.

Laraba, 5 ga Yuni

Na kai masa ruwan sanyi da rana. Ya shanye, ya ce "Allah ya saka, ɗan'uwa." Na tsaya ina duba fuskarsa ko zan ga kunya. Babu. Idanunsa dai jajaye suna ruwa, amma masu walda haka suke.

Da yamma na tarar da baron da nake ɗaukar katako, wanda ƙafarsa ta karye tun bara, tsaye a kan ƙafafunsa. An yi masa walda, har an shafa fenti. Ban roƙe shi ba. Ni kofin ruwa, shi baro guda.

Juma'a, 7 ga Yuni

Na gaya wa uwar yara. Kuskure. Ta yi dariya har ta ajiye ludayi. "Baban yara, mutum ya gyara maka baro, kai kana neman tabon ƙuna? Sunkuyo in duba, ko sanƙon ne ya fara."

Ba ta san shi kamar yadda na san shi ba. Mutum ne da ba ya ɗora ƙarfe a kan ƙarfe sai ya san inda zai tsaya.

Ko kuwa ni ne? Na sake karanta ayar. Ba ta faɗi abin da mutum zai yi in shi ake ciyarwa ba.

Asabar, 8 ga Yuni

Duba kai: na aikata, amma an fi ni. Zan maimaita ayar.

Lahadi, 9 ga Yuni

Ya zauna a benci na uku daga baya, wanda suke cewa ya fi rawa. Da gangan. Lokacin addu'a na ga yana ɗan jijjiga jiki. E, idona a buɗe yake, na yarda.

Da aka ce a buɗe Littafi bai buɗe nasa ba. Matarsa ce ta karkato tana yi masa raɗa har aka gama karatu. Maganar wa ake yi da ba za ta jira a tashi ba?

Talata, 11 ga Yuni

Kullum a tsugune yake aiki, sai na yi masa 'yar kujera. Katako mai kyau na sa, na goge ta sumul, ko ƙusa ɗaya ba ta fito ba. Na ce a raina, wannan garwashin zai kai ƙashi.

Ya shafa ta da hannu, ya zauna, ya karkata dama, ya karkata hagu. Ya ce, "Wannan kam ba ta rawa."

Me yake nufi da "wannan kam"?

Alhamis, 13 ga Yuni

Yau ya wuce gona da iri. Tsaninsa na ƙarfe, wanda ko aro ba ya bayarwa, ya jawo ya jingine a bangona. "Ajiye wajenka, ɗan'uwa, ka fi ni hawa." A gaban mai shayi da telan da ke tsallaken hanya, don a samu shaidu.

Na yi ta juya abin ina aiki har na yanke katako gajere. Ina jin na gano. Za a sake tada maganar benci a taron maza, yana so ya cika mini baki da alheri, in kasa musu. To zan musa, da tsanin nasa a shagona.

Amma da na ce na gode muryata ta yi wani iri. Ban so ba.

Asabar, 15 ga Yuni

Tela ya ce, "Maƙwabcinka zai tashi ƙarshen wata, ko?" Na ce zuwa ina. Ya cire allura daga baki. "Wajen 'yarsa mana. Ku da kuke bango ɗaya, ni kake tambaya?"

Tela ya sani, mai shayi ya sani. Ni kuma tsani.

In gaskiya ne, zai tafi muna "ɗan'uwa, ɗan'uwa". Na rasa dalilin da ya sa wannan ya hana ni cin abinci.

Lahadi, 16 ga Yuni

Bayan sujada na tare matarsa, na ɗauko maganar daga nesa. Na ce yaya maigida ya ji wa'azin nan na farkon wata, na garwashi.

"Wane garwashi? Ai ran nan muna gida, an ɗiga masa magani a ido an rufe idon, ko ƙofa bai leƙa ba. Likita ya ce in bai bar walda ba, ɗan ganin da ya rage ma zai tafi. Yanzu ni ke karanta masa Littafi." Ta dube ni. "Bai gaya maka ba? Kullum sai ya ce gobe. Ya ce kunyarka yake ji."

Da na rantse na gan shi a baya ran nan. Yanzu da nake tunani, hular wani ce.

Sai dai in wani ya ba shi labarin wa'azin. Tela ba ya zuwa cocinmu. Rediyo? Kai, bari.

To garwashin wa nake ta ji a kaina?

Litinin, 17 ga Yuni

Ban share ba, ban kai ruwa ba. Na ga baron, na tuna da idon da ya yi masa walda.

Alhamis, 20 ga Yuni

Na je coci da rana, ba kowa. Na zauna a benci na uku daga baya. Yana ɗan motsi, kaɗan. Daɓen ne ba daidai ba. Na ja shi gaba, ya motsa. Na kai shi kusa da taga, ya motsa. Daɓen gaba ɗaya ne, ina ji.

Asabar, 22 ga Yuni

Na ɗoro bencin a baro na sauke a ƙofarsa. Na ce, "Tartsatsi, kana da ƙarfen kusurwa guda biyu?" Fitowa sunan ya yi, ban shirya ba.

Ya ajiye ƙarfen da ke hannunsa. Sannan ya ce, "Me za ka yi da shi, Ƙusa? Ai ba ya rawa."

Na ce daɓen coci ne.

Ya ce, "To kawo mu ɗaure wa daɓen ƙarfe."

Na hana shi kunna injin walda, na ce huji da noti sun isa. Shi ya riƙe, yana laluben kusurwa da yatsa, ni na ɗaure. Ya zauna a kai ya karkata dama da hagu, ni kuma ban tambaye shi ko yana rawa ba.

Na ce bencinan da yawa, ɗaya-ɗaya zan riƙa kawowa, ba za su ƙare kafin ƙarshen wata ba. Ya ce gidan 'yarsa tafiyar mota ɗaya ce, in zo da ƙarafan mu auna a can, in dai ba a baro zan zo ba.

Duba kai: ban san me zan rubuta ba. Ayar mako mai zuwa ma ban zaɓa ba tukuna.

Ya sayo mana shayi. Na sha. Shayi ne kawai.