Alayyafon Da Kuka Ɗura Wa Ƙarfe

Zuwa ga Dakta, shugaban masu binciken da suka yi feshi a lambuna, bayan masana'antun fata na Challawa.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku, da fatan ku da iyali kuna lafiya. Ni ne Malam Sabo, wanda kuka ari gefen lambunsa a ranin bana kuka fesa wa alayyafo maganinku na nano. Wayarku ta daina shiga, shi ya sa na biyo ta jarida.

Ga abubuwan da suka biyo bayan feshin. Na farko, bayanin da kuka yi. Kuka tsaya a tsakiyar lambu, gaban masu sarin ganye, kuka ce garin ƙarfe ne da kuka haɗa, ido ba ya ganinsa, yana bi ta ƙananan ƙofofin da ganye ke numfashi ya shige ciki, wanki ba ya fitar da shi. Ranka ya daɗe, wannan magana a kunne ake raɗa ta. Kafin la'asar maganar ta kai Panshekara.

Na biyu, Hajiya Ladi, mai sayar wa ma'aikata abinci a ƙofar kamfani, wadda kusan duk ganyena ita ke kwashewa. Ta aiko cewa ita miya take sayarwa, ba ƙusa ba. Yanzu daga Sharaɗa ake kawo mata.

Na uku, waɗanda suka maye gurbinta. Wani ɗan jari-bola ya zo da maganaɗisu ya bi ganyen ɗaya bayan ɗaya, bai kama komai ba, ya tafi yana ce mini maƙaryaci. Sai 'yan tauri. Sun ji an ce ƙarfe na cikin ganyen, suka yanke cewa wanda ya ci wuƙa ba za ta kama shi ba. Kullum suna bakin shinge, ina kora suna ƙara kuɗi. Ɗayansu ya sata ya ci ɗanye, ya gwada wuƙa a hannunsa. Ni na kai shi kemis.

Mutane na dariya, ni ma nakan taya su. Amma kafin ku yi wancan bayani, maiɗakina ta yi ta miya da ganyen nan, jikata Ummi ta sha har da neman ƙari. Kun tsinki ganye kun zuba a leda, kun ce za ku auna ku dawo. Ba ku dawo ba. Ko tari yarinyar nan ta yi, gabana faɗuwa yake.

Roƙona biyu ne. Ku faɗa mini a fili, da Hausa, ko ganyen nan na ciyuwa. In kuma takardunku ba su kammala ba, na bar sauran alayyafon ban yanka ba. Ku zo ranar da kuka ga dama, za a tuƙa tuwo a yi miya da shi, mu zauna kwano ɗaya. In kun sa hannu kun ci, washegari zan je wajen Hajiya Ladi. In kun ce kun ƙoshi, zan ɗauki Ummi mu tafi asibiti.

Allah ya ƙara basira, ya kuma sa wayarku ta gyaru.

Wassalam.
Malam Sabo mai lambu, Challawa.