Na gaya wa Hauwa'u wanda ya kai ka gidan mari

Zuwa ga ɗana na fari,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana raye. Shekara goma sha biyu ke nan ba labarinka. An taɓa cewa an gan ka a tashar Dambam, na je, ba kai ba ne. Malam babanka ya rasu bara waccan, in ba ka ji ba.

'Yarka Hauwa'u ta gama sakandare. Za ta cika fom ɗin jami'a, ta zo mini da karatu biyu wai in zaɓa mata, ni da ajin yaƙi da jahilci kawai na yi. Ɗaya na sanin masu laifi ne, kamu da kotu da gidan yari. Ɗayan kuma wai a koya wa mutum zama da mai shaye-shaye, ya saurare shi har ya bari. Na ce wannan ma karatu ne? Ta ce shekara huɗu ma kuwa.

Ita na farkon take so. So take ta kama masu sayar maka da maganin tarin nan. A saninta su suka raba ka da Azare, don abin da muka gaya mata ke nan.

Kai ka san ba haka aka yi ba. Ranar da na tarar da kwalabe a bayan randa ban ce maka uffan ba. Ɗan fari ne kai, ko sunanka ban taɓa kamawa ba, balle in zaunar da kai mu yi magana. Sau biyu ka tsaya a ƙofar ɗakina bayan la'asar kana murza hula, ka ce, Inna. Na ce je ka wajen babanka.

Kuma ni na ce a kai ka gidan mari, Malam bai so ba. Da na je duba ka na ga sarƙa a ƙafarka, na ajiye fura na fito. Bayan wata uku ka gudu.

Ranar Talata na gaya mata duka. Na ce in mai laifi take nema, ta fara da ni. Na ce ta ɗauki na sauraron, sarƙa kam an gwada ta a gidan nan.

Ba ta yi kuka ba, irina ce. Ta je ta cika fom ɗinta, ban san wanne ta sa ba, ban kuma tambaya ba. Tun tana 'yar shekara shida kwano ɗaya muke ci. Yanzu sai ta zuba mini nawa ta rufe, ta wuce ɗaki da nata. Yau kwana biyar. Da safe tana gaishe ni kamar yadda ake gaida tsohuwar maƙwabta.

Ban yi da-na-sanin faɗa mata ba. Tuwon ne dai ba ya wucewa.

In kana raye, Allah Ya haɗa ka da wanda zai zauna ya ji ta bakinka. In ka riga ni, Allah Ya jiƙan ka. Ita kuma Allah Ya ba ta abin da ta cika, ko wanne ne, Ya sa ta dawo mu ci tare kafin ta tafi.

Innarka,
daga Azare